Yadda Muka Bi Kadin Dutsen Unguwarmu A Jos

Unguwarmu tana gindin wani dutse ne a gefen garin Jos, ta ɓangaren da in gari ya waye sarai kana hango duwatsun Shere. Ba zan ambaci sunanta ba, domin maganar ba ta gama mutuwa ba, kuma akwai mutanen da ban nemi izininsu ba. Ni malamin firamare ne, ni ne kuma sakataren ƙungiyar ci gaban unguwar, aikin da babu albashi babu alawus. Tun da labarin yadda muka hana fasa dutsenmu da nakiya da yanka samansa filotai ya fita, mutane daga wasu unguwannin kan tudu ke tare ni a masallaci ko a kasuwa suna tambayar ta ina muka fara. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta.

Baƙo na ganin duwatsun Jos a matsayin ado. Mu da ke kwana a gindinsu mun san su ne ke raba ruwa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan da ke sauka a shekara kuma ya kai kimanin milimita 1,400, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Abin da ya sauka a kan dutsenmu ba ya samun ƙasa mai zurfi da zai nutse. Ciyawa da 'yan itatuwa da tsagogin duwatsu ne ke riƙe shi, su sake shi a hankali ta wani kwazazzabo da ya ratsa tsakiyar unguwa, ya faɗa rafi, rafin ya kai shi kogin Dilimi. Ina koya wa yara a aji cewa ruwan Dilimi na bi ta Bauchi ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, ya bi ta Yobe har Tafkin Chadi. Amma kafin ya je ko'ina, ta ƙofar gidajenmu yake wucewa.

Mun kuma san abin da ruwa ke yi in aka tare masa hanya. Daren Lahadi 22 ga Yulin 2012 aka tafka ruwa, ambaliya ta ratsa unguwannin Rikkos da Gangare, ta kashe fiye da mutum 30, ta rushe gidaje wajen 200. Da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba shi da ɗan'uwa ko suruki ko abokin kasuwa a can. Da yawanmu mun tsaya a sahun jana'iza.

Saboda haka da yara masu kiwon awaki suka sauko da labarin an kafa bikon na siminti, wato alamar iyakar fili, a kan dutse, an shafa wa manyan duwatsu jan fenti, hankalin kowa ya tashi. Ba a daɗe ba katafila ta buɗe hanya ta bayan dutsen, tifofi suka fara hawa da sauka. Sai ƙarar nakiya ta biyo baya. Yawanci da la'asar ake tashinta, tagogi su girgiza, jarirai su farka da kuka, kaji su watse. Bangon gidaje ya fara tsagewa. A lokaci guda dillalai na yawo da takarda suna tallar filotai a can ƙololuwa, wai wurin da mutum zai zauna yana kallon gari gaba ɗaya.

Taron farko a filin makarantarmu aka yi, kuma da zafi aka fara shi. Matasa suka ce babu wata doguwar magana, a hau da dare a tumɓuke bikon ɗin, a zuba duwatsu a hanyar tifa. Mai unguwa ya bari kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya miƙe.

"Ku saurare ni, 'ya'yana," in ji shi. "Bikon ɗin nan mutum ne ya kafa shi, kuma mutumin yana da dangi, yana da ƙabila, yana da addini. Duk wanda ya tumɓuke shi da dare, gobe ba za a ce yara sun cire siminti ba. Cewa za a yi su wane sun far wa su wane. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Ban yarda a sake haƙa kabari saboda fili ba. Wanda ya hau dutsen nan da dare, ni da kaina zan miƙa shi."

Wannan magana ita ce harsashin duk abin da ya biyo baya. A Jos rigimar fili ba ta tsayawa a kan fili. A daren aka naɗa kwamiti, aka ba ni biro da littafi.

Tambayar farko da muka yi wa kanmu ita ce: dutsen na wane ne? Akwai wani dattijo a unguwar da ya yi ritaya daga aikin safiyo, shi ya zaunar da mu a zaurensa ya warware mana. Ya ce masu dutsen uku ne, kuma duk wanda ya kai kuka wurin ɗaya ya bar biyu, wahalar banza ya yi.

Na farko, gidan da suka gaje shi tun kafin zuwan Turawan kuza. Afizere ne, waɗanda iyayenmu ke kira Jarawa, kuma gidansu na can ɗaya gefen dutsen. Na biyu, gwamna. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta damƙa duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna ya riƙe shi amana. A cikin birni shi ke ba da izinin mallaka, ba a sayar da fili mai irin wannan izini ko a jinginar da shi sai da yardarsa, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon janye izinin in maslahar jama'a ta buƙaci haka. Na uku shi ne ya fi ba mu mamaki: shi kansa dutsen, da zarar za a fasa shi a sayar, ya zama ma'adini, ma'adinai kuwa sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce na gwamnatin tarayya ne. Lasisin fasa dutse daga Ofishin Kadasta na Ma'adinai da ke Abuja yake fitowa, bisa Dokar Ma'adinai ta 2007. Wato maganar filotai ta jiha ce, maganar nakiya ta tarayya ce, zuciyar al'amarin kuma tana gidan masu gado.

Shi dai dattijon ne ya nace mu yi rajista. Ya ce takardar da aka sa wa hannu da sunan "mutanen unguwa" ba ta da fuska, ana iya ajiye ta a ƙasan fayil babu wanda zai tambaya. Ƙungiya mai rajista kuwa tana da suna a gaban doka, tana buɗe asusun banki, tana iya kai ƙara. Muka bi ƙa'idar Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar 2020: a tanadi suna, a rubuta tsarin mulki, a zaɓi amintattu aƙalla biyu, a buga sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Wani lauya ɗan unguwa ya yi mana aikin takardun kyauta, kuɗin jarida da na hukuma kuma gida-gida aka bi aka tara, kowa da abin da ya sawwaƙa, ana rubutawa ana ba da rasit.

Zaɓen amintattu ya fi cike fom wuya. Wasu sun so a tsaya kan dattawan masallaci kawai. Da aka daɗe ana ja-in-ja, aka tsaya kan cewa dole a sami mace, dole kuma a sami wani daga gidajen Kiristocin da ke layin sama, waɗanda tsagewar bango ta fi shafa ma. Haka wata Hajiya mai sayar da hatsi ta zama ma'aji, wani Fasto kuma ya shiga cikin amintattu. In da za a ce in zaɓi shawara ɗaya da ta fi kowace amfani a duk tafiyar, wannan zan nuna.

Yayin da ake jiran takardar rajista, muka shiga aikin da na fi so a raina, wato bin sawun ruwa. Duk ranar da hadari ya haɗu, matasan nan da suka so hawa dutse da dare sai su sa ledar ruwa su rarrabu a wuraren da aka ba su. Wani ya ɗauki bidiyon inda ruwa ke fitowa daga sabuwar hanyar tifa, ja wur da laka. Wani ya sa sanda ya auna inda ya kai a jikin kwalbati. Wani ya duba agogo, daga saukar ruwa zuwa cikar kwazazzabo. Kowane hoto ana ɗaukarsa da alamar wuri ta wayar salula, ni kuma in shigar a littafi da kwanan wata. Gidajen da suka tsage muka bi ɗaya bayan ɗaya, a ɗora rula a kan tsagar a ɗauki hoto, a rubuta ranar a jikin bango da alli, bayan wani lokaci a dawo a sake aunawa.

Amma ilimin da ya fi wannan a wurin tsofaffin mata muka same shi. Su suka yi shekaru suna ɗiban ruwa da wanki a gindin dutsen tun unguwar ba ta wuce gidaje 'yan kaɗan ba. Wata Inna da ƙyar take tafiya ta sa aka riƙe mata hannu, ta zaga da mu tana nunawa da sanda. Nan akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Nan ruwa ke rabuwa biyu a da, reshe ɗaya ya bi ta inda yanzu aka gina shaguna. Can wani ramin kuza ne da aka cike da shara aka yi gini a kai. Tsohon ma'aikacin safiyo yana biye da ita yana zanawa. Taswirar da ta fito daga wannan yawo, ta hannu ce a kan farin kwali, ita muka riƙa shimfiɗawa a kowane tebur da muka je daga baya, kuma ban ga jami'in da ya kalle ta bai gyara zama ba.

Wani ɗalibin jami'a a cikinmu ya ɗauki lambobin wurin da ake tashin nakiya ya shiga shafin intanet da Ofishin Kadasta ya buɗe a 2022, inda ake ganin taswirar wuraren da aka ba da lasisi. Bai ga komai a kan dutsenmu ba. Lauyanmu kuma ya kawo mana ƙa'idojin fasa dutse da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar a 2013, waɗanda suka hana kafa wurin fasa dutse ko tashin nakiya a tazarar da ba ta kai kilomita 3 daga gidajen jama'a ba. Namu kuwa daga inda ake tashinta kana jiyo kiran salla da ƙararrawar coci.

Da wannan a hannu, wasu suka ce a tafi kotu kai tsaye. Fasto ya ce a'a, a fara zuwa gaida masu gado. Shi ya aika aka sanar da zuwanmu, shi ya yi mana jagora. Muka riƙe goro da sukari muka zagaya ta bayan dutse, ni da mai unguwa da Hajiya da shi. Tafiyar ba ta da nisa, amma akwai waɗanda aka haifa a unguwarmu suka yi aure ba su taɓa taka wannan hanyar ba.

Babban gidan tsoho ne tukuf, yana zaune a kan kujerar katako a gindin mangwaro. Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Bayan an gaisa an tambayi iyali da sanyi, mai unguwa ya gabatar da abin da ya kawo mu. Tsohon ya yi shiru har muka fara tsarguwa.

"Lokacin da kakanninku suka zo aikin kuza," in ji shi, "ubana ne ya nuna musu inda za su kafa bukka. Babu takarda, babu safiyo. Da salla ana kawo mana tuwo da nama, da Kirsimeti muna aika muku shinkafa. Tun rikicin farko ƙafa ta ɗauke. Yau kun zo domin ruwa zai ci ku. Da ba don ruwa ba, da kun tuna hanyar gidan nan?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Ba mu da ta cewa. Mun zo ne a matsayin 'ya'ya, ba masu ƙara ba."

Daga nan hira ta buɗe, muka ji ɓangaren da ba mu taɓa ji ba. Gonakinsu gari ya cinye. Abin da kamfanonin kuza suka bari ramuka ne da ƙasar da ba ta noma. Jikoki na makaranta, tsohuwarsa na fama da jinya. Dutsen shi ne kadara ta ƙarshe. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne ya yi ciniki da dillalai da wani ɗan kwangila, kuma abin da aka gaya wa tsohon shi ne gangaren baya kaɗai za a taɓa. Da muka shimfiɗa taswira, Hajiya ta nuna masa hotunan jan fenti a waya, fuskarsa ta sauya. Ya sa yatsa a kan wani wuri kusa da ƙololuwa ya ce nan kakanninsa ke kwance, nan kuma ake yin al'adun gidansu tun kafin zuwan mishan. Ya ce shi ɗan coci ne fiye da rabin rayuwarsa, amma bai haifi ɗan da zai sa wa kabarin kakansa nakiya ba.

Da na koma gida na buɗe kwafin Dokar Ma'adinai da lauya ya ba ni. Sashe na 3 ya jera wuraren da lasisin ma'adinai ba ya ba da ikon taɓawa, a ciki har da gari, da ƙauye, da kasuwa, da maƙabarta, da wuraren kakanni da wurare masu tsarki. Maƙabartarmu tana gindin dutsen, ta kakanninsa tana samansa, doka kuma ta haɗa su a jimla guda. Dokar ta kuma ce sai an sami yardar mai fili kafin a ba da lasisi a kan filinsa. Tun daga ranar takardunmu suka daina zama kukan unguwa ɗaya. Tsohon ya dangwala yatsa a kan takardar koke kusa da sa hannun mai unguwa. Da sallar layya ta zagayo, cinya guda aka ware aka kai gidan, kuma ba a fasa ba har yau.

Saura masu fasa dutse da hannu. Duk wanda ya san Jos ya san su: mata zaune a rana da guduma, tsibin tsakuwa a gabansu, wasu da goyo. Maza ke hura wuta a kan dutse har ya tsage, su fasa shi da babbar guduma da kurfi, mata su mayar da shi tsakuwa a auna da kwanon sarki a tara wa tifa. A gindin dutsenmu sun daɗe suna wannan sana'a tun kafin ɗan kwangila ya zo, mafi yawansu zawarawa ne da matan da mazajensu ba su da aikin yi. A daftarin farko na takardar koke akwai layin da wasu 'yan kwamiti suka nace a sa, cewa a hana duk wani fasa dutse a wurin. Labari ya kai musu kafin mu je.

Shugabarsu ko guduma ba ta ajiye ba da ta gan ni. Ta ce, "Malam, kai ne aka ce za ka hana mu cin abinci da biro?"

Na ce, "Mama, zuwa na yi in ji daga bakinku."

Ta nuna mini tafin hannunta, duk kanta. Ta ce da wannan ta biya wa 'ya'yanta kuɗin jarrabawa. Ta ce nakiya su ma ta dame su, domin tun da injin ya zo farashin tsakuwarsu ya faɗi, kuma ɓaraguzai sun taɓa faɗowa kusa da inda suke shimfiɗe jarirai. A taron da ya biyo baya Hajiya ce ta tsaya kai da fata sai an goge layin. Ta ce ita ba za ta riƙe kuɗin ƙungiyar da za ta kare bangonta da yunwar marayu ba. Ina tare da ita ɗari bisa ɗari, kuma har gobe ina ganin duk ƙungiyar unguwa da ta fara da korar mafi rauni a cikinta ta riga ta ɓata tafiyarta. Guduma ba ta tsaga bangon kowa. Abin da muka roƙe su biyu ne: su matsa daga bakin kwazazzabo, domin ɓaraguzansu na cike shi, su kuma daina ƙona tayoyi, domin hayaƙin a ƙirjinsu da na 'ya'yanmu yake ƙarewa. Suka yarda, mu kuma muka taimaka musu da takardun neman rajistar ƙungiyar gama-kai. Ranar da muka kai koke, shugabar tasu tana cikin tawaga.

Ga mai son sanin yadda ake shiga ofis, ga abin da muka koya. Takarda ta zama shafi ɗaya, ta faɗi abin da ake so a fili, sauran hujjoji su zama rataye: taswira, hotuna, jerin gidajen da suka tsage, kwafin rajista. Mun rubuta guda biyu daban, ta filotai zuwa ga masu kula da tsara gari da filaye na jiha, ta nakiya zuwa ga jami'an ma'adinai da na muhalli na tarayya, aka ba hakimi da kansila da ɗan majalisarmu kwafi. Kada ka bar ofis sai an buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata. Ka nemi lambar fayil. Ka san magatakarda da masinja, ka gaishe su da mutunci, domin su suka san teburin da takarda ta kwana. Tawaga kada ta yi yawa, amma duk wanda ya kalle ta ya ga Hajiya da Fasto da mai fasa dutse da ɗan masu gado. Mun kuma yi alkawari tun farko cewa ko sisi ba za mu ba kowa a bayan fage ba, kuma an karanta wannan alkawari a gaban taro.

Maganar nakiya ta fi saurin warwarewa. Da masu gado suka janye yardarsu a rubuce, jami'ai kuma suka zo suka nemi ganin lasisi, ɗan kwangilar ya kwashe injinansa. Daga baya ma, a Fabrairun 2025, Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da ayyukan haƙar ma'adinai a faɗin jihar na wani lokaci. Ta filotai ce ta ja. Fayil ya daɗe a wani ofis, muna zuwa ana cewa mu dawo. Sai ga abin da ya girgiza Jos ranar 12 ga Yulin 2024, lokacin da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Ni malami ne, kuma ban taɓa jin ranar da ta yi mini nauyi irin wannan ba. Tun farkon shekarar akwai umarnin gwamna mai lamba 003 kan gine-gine marasa izini, amma bayan wannan rashi ne kunnuwa suka buɗe sosai ga duk maganar da ta shafi gini a inda bai dace ba. Ba a jima ba aka turo injiniya da ma'aikatan safiyo su duba wurin.

Injiniyan bai tsaya a mota ba. Ya naɗe ƙafar wando ya bi kwazazzabon tun daga sama har rafi, taswirarmu a hannunsa.

Zaman sulhu a gaban hakimi aka yi shi, da masu gado, da waɗanda suka riga suka biya kuɗin filotai, da mu. Masu sayen ba abokan gaba ba ne, akwai ɗan fansho da ya zuba duk giratutinsa. Abin da aka sa wa hannu shi ne: ƙololuwar dutse da kan kwazazzabo ba za a sayar ba, ba za a yi gini ba. Gangaren baya, inda ruwa ke bi ta wata hanya dabam, masu gado na iya yanka shi, amma da tsarin da hukuma ta amince da shi, da lambatu kafin gini. Waɗanda suka saya a sama a musanya musu a can. Tun da gidan masu gado ne suka yi asarar kuɗi mafi yawa, unguwarmu ta ɗauki nauyin gina musu kwalbati a hanyarsu da gyara rijiyar burtsatsensu, da kuɗin karo-karo da aikin gayya. Iyakar wurin da aka keɓe kuma tsohon ne ya ce kada a sa waya, ɓarayi za su kwance. Ya ce a dasa ƙyarana, irin shingen da ƙauyukan Filato ke kewaye gidaje da gonaki da shi tun kaka da kakanni. Matasan ɓangarorin biyu suka dasa ta tare, suka jera jema a gefen tsohuwar hanyar tifa don ta riƙe ƙasa.

Wannan yarjejeniya ce tsakanin mutane, ba dokar gwamnati ba. Mun rubuta muna neman a shigar da wurin cikin tsarin gari a matsayin filin da ba a gini, kuma muna jiran amsa. Kafin ta zo, abin da ke tsare dutsen shi ne mutuncin tsohon nan da idon unguwa.

Akwai kuma abin da injiniyan ya faɗa a ƙarshen zagayensa, a gaban kowa. Ya juya ga mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, matsalarku ba daga sama kaɗai take ba." Ya nuna katangu da shaguna da bayan gida da mutanenmu suka tura cikin kwazazzabo a tsawon shekaru, har wani wurin faɗinsa bai fi taku biyu ba. Ya nuna sharar da muke zubawa. Ɗaya daga cikin shagunan na wani amintaccen ƙungiyarmu ne.

A nan muke yanzu, kuma ya fi duk abin da ya gabata wuya, domin babu ɗan kwangilar da za a nuna wa yatsa. Taro ya ragu. Wasu da suka fi kowa ɗaga murya kan nakiya sun daina zuwa. Matsayina a bayyane yake, na kuma faɗa a gaban taro: ba zai yiwu mu roƙi tsoho ya haƙura da sayar da gadonsa don kare gidajenmu ba, mu kuma mu ƙi ja da katanga baya. Mai shagon, Allah ya saka masa da alheri, shi ya fara rushe nasa da hannunsa. Wasu sun sa hannu za su ja nasu in damina ta wuce. Wasu sun ƙi, sun ce da kuɗinsu suka saya, kuma ba mu da ikon tilasta musu, ba ma kuma son mu zama masu kiran katafila a kan maƙwabtanmu. Mai unguwa da liman da Fasto na bin su gida-gida.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata bazawara ce mai 'ya'ya ƙanana, wadda ɗakinta gaba ɗaya a cikin hanyar ruwa yake, ba katanga kaɗai ba. Ba ta da inda za ta ja. Mun kai maganarta gidan masu gado, sun ce za su rage mata kuɗin ƙaramin fili a gangaren baya. Hajiya ta buɗe mata shafi na musamman a littafin karo-karo, masu fasa dutse sun yi alkawarin tsakuwar harsashi, magina na unguwa sun ce aikin hannu kyauta ne. Kuɗin filin da na kwanon rufi ne ba su cika ba, kuma so muke ta tashi daga wurin kafin ruwan Yuli.